Waiwaye: Tallafin Gwamnatin Tarayyar Amurka ga 'Yan Sandan Jihohi da Birane

Saɓanin Najeriya, inda rundunar 'yan sanda guda ce mai karɓar umarni daga Abuja, a Amurka aikin tsaro yana hannun jihohi da birane da gundumomi, har yawan hukumomin da ke yin sa ya kusa 18,000. Gwamnatin tarayya ba ta da ikon ba su umarni kai tsaye, sai dai tun 1968 ta sami hanyar sa baki a aikinsu ta wajen kuɗi.

A waccan shekarar, bayan tarzomar da ta girgiza Detroit da Newark a 1967, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar LEAA domin raba wa jihohi tallafin kuɗi na aikin 'yan sanda. An kashe biliyoyin daloli, an sayi motoci da na'urorin sadarwa, amma laifuka ba su ragu ba, aka rufe hukumar a 1982.

Tsarin ya dawo daga baya, ya kuma ƙara ƙarfi bayan kisan wani matashin ɗan sanda mai shekara 22, Edward Byrne, wanda aka harbe a New York a watan Fabrairun 1988 yana zaune cikin mota yana gadin gidan wani mai ba da shaida a kan dillalan ƙwaya. A shekarar majalisar dokokin tarayya ta sa wa wani sabon tallafi sunansa, kuma tun farko aka karkata shi ga yaƙi da miyagun ƙwayoyi. A 1994 Shugaba Bill Clinton ya kawo shirin COPS da alkawarin ɗaukar sababbin 'yan sanda 100,000.

A ganina, abin da ya fi cancantar a tsaya a kai shi ne ma'aunin da mai ba da kuɗin yake amfani da shi, domin rundunar da ta san da yawan kamen da ta yi za a auna ta, kame za ta sa a gaba. An ga illar haka a Tulia, wani ƙaramin gari a jihar Texas, inda a 1999 aka kama mutum 46, yawancinsu baƙar fata, bisa maganar jami'in sirri guda ɗaya da ke aiki da wata runduna mai cin tallafin Byrne. Babu hoto, babu muryar da aka naɗa, amma aka yanke wa wasu ɗaurin shekaru masu yawa. Sai a 2003 Gwamna Rick Perry ya yi wa 35 afuwa, daga baya kuma kotu ta sami jami'in da laifin rantsuwa a kan ƙarya.

A 2005 aka haɗe shirin Byrne da wani tallafin ƙananan hukumomi, ana raba shi gwargwadon yawan jama'a da yawan manyan laifuka, kashi 60 cikin ɗari ga jihohi, kashi 40 ga ƙananan hukumomi. Kuɗin kaɗan ne idan an gwada shi da abin da birane ke kashewa daga aljihunsu, duk da haka a 2017 gwamnatin Donald Trump ta gindaya sharaɗin cewa sai birni ya ba jami'an shige da fice haɗin kai kafin ya samu. Birnin Chicago ya ƙi, ya garzaya kotu, kotun kuma ta dakatar da manyan sharuɗɗan saboda majalisa ba ta ba ma'aikatar shari'a ikon gindaya su ba.