Ƙasa Ba Ta Buɗe Baki Idan Ta Girgiza

Da yawanmu mun taso da jin cewa in girgizar ƙasa ta zo, ƙasa baki take buɗewa ta haɗiye gidaje. Ba haka abin yake ba. A 1966 a Amurka, wasu masana duwatsu biyu, Brace da Byerlee, suka matse duwatsu masu tsaga a ɗakin gwaji, suna ƙara ƙarfi sannu a hankali. Sai dutsen ya cije, shiru, can kwatsam ya zame, ya sake cijewa. Kamar mai jan buhun gero a daɓe da igiyar roba.

Haka gefunan tsagar ƙasa suke can ƙasa, manne da juna, nauyin duwatsu ya danne su. Wannan gogayyar ce ke tara ƙarfin shekara da shekaru, ranar da suka zame kwatsam sai ƙasa ta girgiza. Da a buɗe suke, da babu abin da zai girgiza.