Rayuwar Addu'a a Ikilisiyar Katolika da Cikasanta

Rayuwar addu'a, a koyarwar Ikilisiyar Katolika, ita ce dangantakar da mai bi yake rayawa kullum tsakaninsa da Allah, ta wurin Yesu Almasihu da taimakon Ruhu Mai Tsarki. Ta haɗa da Misa, da addu'ar iyali, da wadda mutum yake yi shi kaɗai bayan ya rufe ƙofar ɗakinsa. Katekizim na Ikilisiyar Katolika, wato littafin da ya tattara koyarwarta, wanda Fafaroma John Paul na Biyu ya ƙaddamar a 1992, ya ware kashinsa na huɗu kacokan ga addu'a, kuma akwai sashe a ciki da ya kira ta yaƙi. Dalili kuwa shi ne mai addu'a yana kokawa da kansa, yana kuma kokawa da mai jarraba. Misalin da aka fi kawowa shi ne na Yakubu a Farawa 32, wanda ya kwana yana kokawa a mashigin Yabbok har gari ya waye, ya ƙi sakin abokin kokawarsa sai da ya sa masa albarka.

Hanyoyin addu'a

Hanyoyi uku ne Ikilisiya ta sani. Ta farko addu'ar baki ce, kamar Ubanmu, da A gaishe ki Maryamu, da Zabura. Nan rosari ya shigo, wato carbi mai gida biyar, kowane gida da ƙwayoyi goma, ana ja ana tuna asirai, wato manyan al'amura, daga rayuwar Yesu da Maryamu. Fafaroma Pius na Biyar ya tabbatar da tsarinsa a 1569 da asirai 15, John Paul na Biyu ya ƙara biyar a 2002 suka zama 20. Katolika masu jin Hausa a Kaduna, Zariya, Kafanchan da Jos da Hausa suke jan sa, musamman a watannin Mayu da Oktoba.

Ta biyu bimbini ce: a ɗauki ayar Littafi Mai Tsarki a yi ta juya ta a zuci har ta taɓa rayuwar mai karatu. Wani ɗan zuhudu na ƙarni na 12 a Faransa, Guigo, ya tsara wannan hawa huɗu: karatu, bimbini, addu'a, natsuwa. Ta uku ita ce addu'ar natsuwa, inda magana ke ƙarewa. Wani manomi a ƙauyen Ars na Faransa yakan daɗe zaune a coci bai buɗe baki ba. Da Fada Jean-Marie Vianney ya tambaye shi me yake yi, sai ya ce yana kallon Ubangiji, Ubangiji yana kallonsa.

Babu wanda ya bayyana yadda ake girma cikin waɗannan hanyoyi kamar Waliyiya Teresa ta Avila (1515–1582), 'yar zuhudun Karmel a Sifaniya. Ta ce zuciya lambu ce, kuma hanya huɗu ake ba ta ruwa. Mai farawa da guga yake ja daga rijiya, aiki mai yawa, ruwa kaɗan, wani lokacin ma ya jefa guga ya tarar rijiyar ta ƙafe. Daga nan sai keken jan ruwa, wahala ta ragu. Sai rafi da ke ratsa lambun da kansa. A ƙarshe ruwan sama, wanda mai lambu ba shi da hannu a cikinsa. Abin lura a wannan misali shi ne, duk lokacin da aka ci gaba, aikin mutum raguwa yake yi, na Allah yana ƙaruwa. Ga wanda rijiyarsa ta ƙafe kuwa, shawararta ita ce ya ci gaba da jefa guga, domin Mai lambun yake yi wa aiki.

Rarrabuwar hankali

Wannan shi ne cikas na yau da kullum. Mutum ya durƙusa, bakinsa yana addu'a, hankalinsa yana kasuwa ko wurin kuɗin makarantar yara. Katekizim ya ce wanda ya tsaya farautar waɗannan tunane-tunane ya faɗa tarkonsu. Abin yi kawai a komo da zuciya inda take. Ya ƙara da cewa inda hankali yake yawan gudu yana nuna abin da zuciya ta manne wa, don haka shi ma abin miƙa wa Allah ne. Teresa ta faɗa da bakinta cewa ta yi shekaru tana kasa kunne ga bugun agogo, tana jiran sa'ar addu'a ta cika. Wajen shekara 18 ba ta yarda ta fara addu'a babu littafi a hannu, sai dai bayan ta karɓi Jibin Ubangiji, wato gurasa mai tsarki da ake karɓa a Misa, domin da littafin take tattaro hankalinta in ya watse.

Bushewa da duhu

Bushewa ta fi zafi. Mutum yana nan da hankalinsa, amma babu daɗi, babu ɗumi, kamar yana magana da bango. A nan masu yawa suke ajiye addu'a, suna zaton Allah ya juya musu baya ko kuwa su ba su isa ba. Teresa da kanta ta bar addu'ar zuci fiye da shekara guda tana ganin tawali'u take yi, tunda ta san laifuffukanta. Daga baya ta lissafa wannan cikin manyan haɗuran da ta shiga a rayuwarta. Bayan rasuwar mahaifinta a 1543 ne wani Fada na ƙungiyar Dominikan ya maido da ita.

Abokin aikinta, Waliyi Yohanna na Gicciye (1542–1591), wanda 'yan'uwansa 'yan zuhudu suka kulle wata tara a Toledo tsakanin 1577 da 1578, shi ya ba wannan hali sunan da ya bi shi har yau: dare mai duhu. Ya kwatanta shi da yaye. Uwa takan shafa wa nono abu mai ɗaci, ta sauke yaron daga hannu don ya koyi tafiya da ƙafarsa. Amma bai ce kowace bushewa daga Allah take ba. Tana iya zuwa daga sakaci, ko zunubi, ko rashin lafiya da ciwon damuwa. Ya ba da alamu uku da za a duba tare: mutum ba ya jin daɗin al'amuran Allah, ba ya kuma jin daɗin na duniya, yana cikin damuwa kullum cewa ba ya bauta wa Allah yadda ya kamata, sannan ya kasa yin bimbini irin na da. In ukun suka haɗu, ana kiransa ne zuwa natsuwa, kada ya tilasta wa kansa komawa baya. Wannan rarrabewa tana da muhimmanci ƙwarai, domin mai ciwon damuwa likita yake bukata tare da addu'a, kuma zalunci ne a ce masa ya yi haƙuri kawai.

Wasiƙun wata Teresar dabam, Uwa Teresa ta Kalkata a Indiya, da aka buga a 2007, shekara goma bayan rasuwarta, sun nuna ta yi kusan shekara 50 cikin irin wannan duhu, tana tashi addu'a da asuba tana kuma hidimar matalauta. An ayyana ta waliyiya a 2016.

Kasala da waswasi

'Yan zuhudun hamadar Masar suna da suna ga wani cikas dabam: akediya, kalmar Girkanci mai nufin mutuwar zuciya da ƙosawa. Evagrius, wanda ya rasu a 399, ya kira ta aljanin tsakar rana, yana ɗauko hoton daga Zabura 91:6. Ya ce takan sa ɗan zuhudu ya ga kamar rana ta tsaya cak, yini ya zama sa'a hamsin, ya yi ta leƙen taga, ya tsani wurin da yake, ya raya cewa a wani wuri zai fi bauta wa Allah. Maganinta a wurinsu shi ne a zauna, kada a bar ɗakin, a kama aikin hannu.

Waliyi Ignatius na Loyola (1491–1556), wanda ya kafa ƙungiyar Jesuit, ya sha fama da waswasi a garin Manresa na Sifaniya a 1522, yana ta maimaita furta zunuban da ya riga ya furta, har ya kusa yanke ƙauna. Daga abin da ya gani a kansa ya fitar da ƙa'idoji. Mafi shahara ita ce: a lokacin ƙuncin zuciya kada a canza shawarar da aka yanke a lokacin haske. In kuma zuciya ta ce a rage sa'ar addu'a, a ɗan ƙara a kanta. Ya kuma koyar da binciken zuciya na kullum, 'yan mintoci na godiya, da duba yadda yinin ya wuce, da neman gafara, da shirin gobe.

Addu'ar da kamar ba a amsa ba

Manzo Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka ce masa alheri ya ishe shi. Yesu a Getsamani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon, ya rufe da cewa a yi nufin Uba. Waliyi Agustin ya bayyana jinkirin amsa da cewa Allah yana faɗaɗa marmarin mai roƙo ne don ya iya ɗaukar abin da za a ba shi. Ya gani a gidansu. Mahaifiyarsa Monika, mutuniyar Tagaste a Aljeriya ta yau, ta yi kuka tana roƙon kada ɗanta ya haye zuwa Roma. Ya sulale da dare ya shiga jirgin ruwa a 383. Wannan tafiya ce ta kai shi Milan, inda Bishop Ambrose ya yi masa baftisma a 387, abin da ta daɗe tana roƙo.

Masu aiki da iyali

Yawancin waɗannan malamai 'yan zuhudu ne, amma koyarwar ba tasu ba ce su kaɗai. Waliyi Francis na Sales (1567–1622), Bishop na Geneva, ya nace cewa ibadar mai sana'a da ta matar aure dole ta dace da aikinsu, kuskure ne su kwaikwayi jadawalin gidan zuhudu. Ya ba da shawarar a keɓe lokaci da safe, sannan a riƙa jefa gajerun addu'o'i cikin aiki. Ya kuma matsa a kan neman jagora na ruhaniya, wanda za a riƙa buɗe wa zuciya, domin mutum ba ya ganin ƙeyarsa. Addu'ar Angelus, ta tuna saƙon mala'ika ga Maryamu, da ake kaɗa wa ƙararrawa da ƙarfe shida na safe, da sha biyun rana, da shida na yamma, ba ta wuce minti biyu zuwa uku ba, kuma ana iya yin ta a tsaye a gona ko a bakin shago.