Dokar da ta hana sayar da kayan tarihin Rasha, da ƙofar da ta bari a buɗe

Duk wanda ya je gidan zane-zane na Tretyakov a Mosko yana neman zanen nan mai suna Tiriniti na Andrei Rublev, shahararren mai zanen addini na Rasha, zai tarar ba ya nan. Zane ne na farkon ƙarni na 15, a kan allunan katako, yana nuna mala'iku uku da suka baƙunci Annabi Ibrahim. Tun 1929 yake gidan, sai a 2023 Shugaba Putin ya yanke shawarar a miƙa shi ga Cocin Otodoks ta Rasha. Yanzu yana babban gidan ibada na Sergiev Posad, kimanin kilomita 70 daga Mosko.

To, ta yaya aka fitar da shi, alhali akwai doka?

Dokar ita ce mai lamba 54 ta 1996, wadda ta tsara abin da ake kira Asusun Kayan Tarihi na Rasha. Duk abin da aka shigar cikin kason gwamnati na wannan asusu, ba a sayar da shi, ba a kyautar da shi, ko minista ba shi da wannan iko. Ba ya fita daga rajista sai in ya ɓata, ko ya lalace, ko an yi musanyarsa da wani kayan tarihin. Amma dokar ba ta hana aro ba. Da izinin Ma'aikatar Al'adu, ana iya bai wa wata hukuma ko ƙungiya kaya ta yi amfani da shi kyauta, bisa yarjejeniya a rubuce. Ta nan aka bi. An ba Cocin zanen na tsawon shekara 49, a takarda kuwa har yau mallakar gwamnati ne.

Ni a ganina aron shekara 49 da kyauta, ɗan Juma ne da ɗan Jummai. Ba ina raina haƙƙin masu ibada ba ne, don coci aka zana shi tun asali. Abin da ke damuna lafiyar katakon ne. Itacen da ya shekara 600 yana kumbura da danshi, yana tsukewa da bushewa, fenti kuma ya riƙa ɗagowa. Akwai ma tsaga a mahaɗar allunan. A 2022 an kai shi Sergiev Posad na 'yan kwanaki kawai, da ya dawo masu gyaran zane suka ƙirga sauye-sauye 61 a jikinsa. Shi ya sa da yawansu suka ƙi amincewa a sake motsa shi, ko da a cikin akwatin gilashi mai daidaita zafi da danshi.

Kuma akwai wata hanyar da gidan Tretyakov ya riga ya gwada. Hoton Maryamu da ake kira na Vladimir (sunan wani gari ne), wanda ya girmi na Rublev, ya yi shekaru a cocin Nikolas da ke unguwar Tolmachi, jikin gidan Tretyakov. Duk tsawon lokacin ana ibada a gabansa, ma'aikatan gidan na lura da shi, mai ziyara kuma yana iya shiga ya gani.