Horon matuƙan jirgin sama: tsarin gaggawa da tsarin sannu a hankali

Horon matuƙan jirgin sama na farar hula yana bin ɗaya daga cikin hanyoyi biyu. A tsarin gaggawa ɗalibi yana tarewa a makaranta guda, karatu da tashi kusan kullum, ya gama cikin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. A tsarin sannu a hankali kuwa ana karɓar lasisi ɗaya bayan ɗaya, ana biya gwargwadon ƙarfin aljihu, mutum na riƙe da sana'arsa.

Ma'aunin duka biyun daga ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, yake fitowa, wadda aka kafa bisa yarjejeniyar Chicago ta 1944, kuma Kamaru da Chadi duk mambobinta ne. Lasisin tuƙi na ƙashin kai yana buƙatar aƙalla awa 40 a sama da shekara 17 da haihuwa. Na kasuwanci awa 200 ne, amma ana rage shi zuwa 150 ga wanda ya bi cikakken kwas a makarantar da hukuma ta amince da ita. Kyaftin na babban jirgin fasinja sai ya tara awa 1,500. Ragin awa 50 ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne, tunda da awa ake lissafin kuɗin jirgi.

Babbar hujjar masu gaggawa ita ce hannu yana mantuwa. A wajen sauka aka fi ganin haka. 'Yan mitoci kaɗan sama da titin jirgi, ɗalibi zai rage wuta, ya janyo sitiyari a hankali, idonsa can ƙarshen titi, har tayoyin baya su taɓa ƙasa kafin ta gaba. Wanda ya yi wannan jiya, yau jikinsa na tune da shi. Wanda ya yi mako uku bai hau ba, rabin darasin a bita zai tafi, kuma bitar ma biya ake yi. Shi ya sa a Amurka, inda doka ta ce awa 40, ɗalibai da dama sai sun kai 60 ko 70. Giɓin da ke tsakanin darasi da darasi ne ke cin kuɗi, ba yawan watannin ba.

Sai dai a Garwa, Marwa ko Njamena, sararin sama ma yana da ta cewa. Ɗan koyo da ido yake tuƙi, kuma ƙa'ida ta fi son ya iya hangen kilomita 5. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu kan rufe gari kwana da kwanaki. A Maris da Afrilu zafi na haura digiri 40, iska ta yi sakayau, ƙaramin jirgi ya ci doguwar tafiya kafin ya ɗaga, sai a koma tashin sassafe. Da damina kuma hadari ne. Kwas ɗin da aka tsara a takarda zai ƙare a kan lokaci yana iya tsayawa cak. A nan mai tafiya sannu ya yi riba: ya ga kowane yanayi tare da malami a gefensa, kafin ranar da zai gamu da shi shi kaɗai.

Batun kuɗi ya fi tsanani. Tsarin gaggawa kan nemi kaso mai tsoka tun farko, galibi da kuɗin waje, domin yawancin 'yan Kamaru da Chadi fita suke yi, zuwa kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya da aka kafa a 1964, ko Addis Ababa, Afirka ta Kudu da Faransa. Idan makaranta ta durƙushe, ko likita ya gano matsalar ido ko zuciya, dukiyar dangi ce ta salwanta. Don haka gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya, wanda ake yi wa matuƙan jiragen kasuwanci, ya kamata ya riga biyan ko sisi. Ga kuma harshe: wanda ya tashi da Hausa, Fulatanci da Faransanci dole ya kai mataki na 4 na ma'aunin ICAO a Turancin da matuƙa ke magana da shi ta rediyo kafin ya yi zirga-zirga tsakanin ƙasashe, kuma wannan ba ya samuwa cikin 'yan makonni. Lasisin da aka samo a waje sai hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, wato CCAA a Kamaru ko ADAC a Chadi, ta amince da shi kafin a tuƙa jirgi mai rajistar ƙasar.