Masu wasan shafa baƙi a Amurka: yaya ake rarrabe su?

Wane irin wasa ne wannan?

Wasan dandamali ne da ya mamaye Amurka a ƙarni na 19, ana kiransa minstrel. Turawa ne ke ƙona abin toshe bakin kwalba, su kwaɓa tokar, su shafe fuska baƙi ƙirin, su zana leɓɓa manya-manya. Sai su hau dandamali suna kwaikwayon baƙar fata, magana da rawa da tafiya, duk an karkata su don a yi dariya. Thomas Rice ya yi suna da shi a shekarun 1830, yana fitowa a matsayin wani bawa mai tsumma, Jim Crow. Wannan sunan ne daga baya aka laƙaba wa dokokin wariyar launin fata a kudancin ƙasar. A 1843 wasu mutum huɗu, cikinsu har da Dan Emmett, suka kafa ƙungiyar Virginia Minstrels a New York, daga nan wasan ya zama sana'a mai zaman kanta.

Ana iya raba su ta aikin da kowa ke yi?

Ƙwarai, kuma wannan ce hanya mafi sauƙi. 'Yan wasa kan zauna a rabin da'ira. A tsakiya akwai jagora mai magana da ƙasaita. A gefe biyu kuma masu barkwanci ne, Tambo da ƙaramar gangarsa mai kacau-kacau, Bones da ƙasusuwan da yake kaɗawa tsakanin yatsu. Akwai mawaƙa, da 'yan rawa, da mazan da ke shigar mata, da masu kiɗan banjo, wanda asalinsa daga kayan kiɗan Afirka ta Yamma ne, dangin gurmi da molo. Akwai kuma rabo ta halin da ake kwaikwayo: bawan gona da aka nuna shi wawa ne mai jin daɗin bauta, da Zip Coon, ɗan birni mai 'yanci da ake yi wa ba'a don ya sa kaya masu kyau.

To su baƙar fatar da suka yi wasan fa?

Nan ne rabon ke da nauyi. William Henry Lane, wanda aka sani da Master Juba, ya gagari Turawa a rawa tun shekarun 1840. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1865, ƙungiyoyin baƙar fata irin su Georgia Minstrels suka fito, aka samu Billy Kersands da marubucin waƙoƙi James Bland. Da yawansu sai da suka shafa tokar a kan fatarsu da ta riga ta zama baƙa, domin abin da masu kallo suka saba gani ke nan. Bert Williams, haifaffen Bahamas, ya ci gaba da shafawa har bayan ya shiga Ziegfeld Follies, wani shahararren wasan dandamali na New York, a 1910.

A ganina zalunci ne a zuba waɗannan a kwando ɗaya da su Rice. Bature yakan wanke fuska ya koma gida da cikakken 'yancinsa. Baƙar fata kuwa ƙofar dandamali ɗaya aka buɗe masa, wadda za ta kai shi ga yi wa kansa ba'a. Ko ribar ma sau da yawa ba ta zauna a hannunsu ba, domin Turawa irin su Charles Callender da J. H. Haverly ne suka riƙe manyan ƙungiyoyin.

Ba a yi Allah wadai da shi a lokacin ba?

An yi. Frederick Douglass, wanda shi kansa ya tsere daga bauta, ya caccaki Turawan da ke wasan a jaridarsa tun 1848.

Wanda ya shafa baƙi a fim shi ma yana cikinsu?

Ya fi kyau a ware masa rukuni na daban, na magada. Al Jolson, wani mawaƙi Bature, ya shafa a fim ɗin The Jazz Singer na 1927, lokacin da tsoffin ƙungiyoyin suka riga suka ja baya. A Ingila kuwa, BBC ta nuna The Black and White Minstrel Show a talabijin daga 1958 har zuwa 1978.