Fina-finan tarihi masu ƙaramin jari a Birtaniya

Wannan rukuni ne na fina-finan da aka shirya a Birtaniya tun zamanin fim marar magana har zuwa ƙarshen shekarun 1930, masu ba da labarin sarakuna, matan fada da tsofaffin shari'o'in kisan kai, da kuɗi ƙalilan. Tushensu wasan dandamali ne. A 1911 William Barker ya ɗauki wasan Sarki Henry na Takwas da 'yan wasan Landan ƙarƙashin Herbert Beerbohm Tree.

Doka ce ta yawaita su. A 1927 majalisar dokokin ƙasar ta wajabta wa gidajen silima su ware kashi 5 cikin ɗari na abin da suke nunawa ga fina-finan gida, ana ƙarawa sannu a hankali har ya kai kashi 20. Manufar ita ce a rage mamayar fina-finan Amurka. Sai kamfanonin Amurkan da ke rarraba fim suka koma ba da kwangilar fina-finai mafi araha, a kan kimanin fam ɗaya ga kowace ƙafa ta tsawon zaren fim, don kawai su cika ƙa'ida. Fim na tarihi kuwa yana cin tufafi, dawakai da taron jama'a. Dabarar masu shiryawa ita ce su kulle labarin a ɗaki, su ɗauko tsohon wasan da 'yan kallo suka riga suka sani.

Ɗan wasa Tod Slaughter ya fi kowa suna a nan. Fim ɗinsa na 1935 kan kisan Maria Marten, abin da ya faru a ƙauyen Polstead a 1827, wasan dandamali ne tsagwaronsa, har da zare ido da dariyar mugunta. Masu sharhi sun raina shi, jama'a kuma suka yi ta kallo.

Mai shirya fim Alexander Korda ne ya nuna cewa ƙuntatawar tana iya zama riba. Fim ɗinsa na 1933, The Private Life of Henry VIII, ya bar fagen yaƙi ya tare a teburin cin abincin sarki da ɗakunan matansa. Ya samu kasuwa a Amurka, Charles Laughton kuma, wanda ya fito a matsayin sarkin, ya ci kyautar Oscar. Fim ɗin ba ya cikin fina-finan cika ƙa'ida, amma jarinsa bai kama ƙafar na Hollywood ba.

Dokar 1938 ta sa mafi ƙarancin kuɗin da za a kashe kafin a ƙirga fim cikin kason, abin da ya karya kasuwar mafi arahar cikinsu.