Tambayoyi da Amsoshi Kan Zaɓen Rim da Taya Ga Ƙaramar Mota

Mai ƙaramar mota yakan yi sha'awar sauya rim da tayoyin da ta zo da su, ko don kyan gani ko don na asali sun lalace. Sauyin ba laifi ba ne, amma akwai awon da dole a kiyaye, domin ƙaramar mota ba ta da yalwar wuri a ƙarƙashin bodi, kuma injinta ba shi da rarar ƙarfin da zai ɓoye kuskure.

Me lambobin da ke jikin taya suke nufi?

Mu ɗauki taya mai rubutun 175/65 R14 82T, wadda ta yawaita a ƙananan motoci. Lamba 175 ita ce faɗin tayar a milimita. Lamba 65 ba milimita ba ce, tana nufin cewa tsayin gefen tayar, daga bakin rim zuwa inda take taka ƙasa, kashi 65 cikin 100 ne na faɗin, wato kusan milimita 114. Harafin R yana nuna irin saƙar da ke cikinta, 14 kuma girman rim ɗin da za ta hau ne a inci. Sai 82, wadda ke nufin kowace taya tana iya ɗaukar kilo 475, da harafin T da ke nuna iyakar gudunta kilomita 190 ne a awa. Awon da kamfani ya tsara wa motar yana cikin littafinta, kuma galibi yana kan takardar da aka manna a jikin ƙofar direba ko a bayan murfin tankin mai. Daga nan ake fara kowane lissafi.

Idan za a ƙara girman rim, mene ne bai kamata ya canja ba?

Tsayin ƙafar gaba ɗaya, wato rim da taya a haɗe, shi ne abin da ya kamata ya tsaya kusa da yadda yake, kuma a ganina wannan ita ce tambaya mafi muhimmanci. Ana lissafa shi ta hanyar ninka tsayin gefen taya sau biyu, sannan a haɗa da girman rim bayan an mayar da shi milimita, kasancewar inci ɗaya milimita 25.4 ne. Ga tayar da muka ambata, rim mai inci 14 ya ba da milimita 355.6, gefuna biyu suka ba da 227.5, jimla kusan 583.

Wanda ya koma inci 15 sai ya rage gefen taya don jimlar ta dawo wurinta. Taya 185/55 R15 tana ba da kusan milimita 584, 195/45 R16 kuma tana ba da kusan 582, saboda haka dukkansu sun dace ta wannan fuska. Ƙa'idar da masu sana'ar suka saba bi ita ce kada bambancin ya wuce kashi 3 cikin 100, wanda a nan bai wuce milimita 17 sama ko ƙasa ba.

Dalilin shi ne motar tana auna gudunta ne da yawan juyawar ƙafa. Idan aka ɗora mata 205/55 R16, wadda tsayinta ya kai milimita 632, to a inda a da take gudun kilomita 100, yanzu za ta kai kusan 108 alhali allurar tana nan inda take. Ban da wannan, tashin motar zai yi nauyi kamar an fara da giyar da ta fi ƙarfinta, na'urar birki ta ABS za ta riƙa aiki da lissafin da ba nata ba, kuma tayar za ta iya gugar bodi duk lokacin da aka sha kwana ko aka yi lodi.

Ba duk rim mai rami huɗu ne yake hawa mota mai noti huɗu ba?

A'a, kuma a nan mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Ana auna ramukan da da'irar da suke zaune a kanta, ana rubuta awon kamar 4x100, ma'ana ramuka huɗu a kan da'ira mai faɗin milimita 100. A rim mai rami huɗu ana gane shi ta auna tsakiyar rami zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa. Toyota Yaris, Honda Jazz, Kia Picanto da Nissan Micra galibi suna kan 4x100. Peugeot 206 da Ford Fiesta suna kan 4x108, ƙananan motocin Fiat da yawa kuma suna kan 4x98. Bambancin 98 da 100 ido ba ya kama shi, har ma ana iya matsa rim ɗin ya shiga, amma notunan za su zauna a karkace, su riƙa kwancewa, wata rana kuma ƙusar ta karye ana cikin tafiya. Wannan ba wurin da ake cewa ai kusan ɗaya ne ba.

Ramin tsakiya fa, shi ma yana da awo?

Yana da shi. Ramin tsakiyar rim yana zama ne a kan cibiyar ƙarfen da ƙafa ke juyawa a kanta, kuma shi ne yake daidaita rim ɗin a tsakiya. Na Yaris milimita 54.1 ne, na Jazz 56.1, na Fiesta 63.4, na Peugeot 206 kuma 65.1, wanda ya nuna cewa rim ɗin Fiesta ba zai shiga Peugeot ba duk da ramukan notinsu ɗaya ne. Masu ƙera rim na kasuwa sukan buɗa ramin sosai don ya hau motoci iri-iri, sai a cike giɓin da zobe na roba mai tauri ko na alminiyam. Idan babu zoben, sitiyari yakan yi rawa a babban gudu ko da an daidaita nauyin tayar.

Mene ne ET da ake rubutawa a bayan rim?

A bayan rim akan ga rubutu irin 5.5Jx14 ET45. Lamba 5.5 faɗin rim ne a inci, ET kuma gajarta ce ta wata kalmar Jamusanci, tana nuna tazarar milimita da ke tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ke mannuwa da mota. Idan lambar ta yi ƙasa, ƙafar takan leƙo waje. Idan ta yi sama, takan shige ciki ta kusanci shokozoba da birki.

Ba a duba ET shi kaɗai, sai an haɗa shi da faɗi. Wanda ya bar 5.5J ET45 ya koma 6.5J ET35 ya ƙara inci ɗaya, wanda ya rabu milimita 12.7 a kowane gefe, sannan ya tura rim ɗin waje da milimita 10. Sakamakon shi ne bakin waje ya fito da kusan milimita 23, bakin ciki kuma ya matsa da kusan 3 kawai. Milimita 23 abu ne mai yawa a ƙaramar mota, domin yana iya sa tayar ta ci bakin bodi a kan gargada. Haka kuma fitar da ƙafa waje fiye da kima yana ƙara wa boris wahala, ya kuma sa sitiyari ya riƙa fizga a hannu. Abin da ya fi aminci shi ne a tsaya kusa da lambar asali, da bambancin 'yan milimita kaɗan.

Wace taya ce ta dace da wane faɗin rim?

Kowace taya tana da iyakar faɗin rim da masu ƙera ta suka amince da shi. Taya 175/65 tana zama daidai a kan inci 5 zuwa 6, 195/50 kuma a kan 5.5 zuwa 7. Ja da siririyar taya a kan rim mai faɗi don ado yana barin bakin rim a fili, kuma yana iya sa tayar ta saki bakinta.

To, shin babban rim yana ƙara wa ƙaramar mota wani abu?

Yana ƙarawa, amma da tsadarsa. Gajeren gefen taya ba ya lanƙwasa sosai, don haka motar takan fi jin sitiyari a kwana. Sai dai gefen nan shi ne matashin farko da ke shanye dukan hanya kafin ya isa shokozoba. A misalinmu, daga inci 14 zuwa 16 gefen ya sauko daga milimita 114 zuwa 88, kuma wannan ragin shi ne yake sa rami ɗaya ya lanƙwasa rim ko ya fitar wa taya ƙari a gefe. Babban rim kuma sau da yawa ya fi nauyi, faffaɗar taya ta fi jan ƙasa, abin da ƙaramin inji yake biya da mai da kuma sanyin tashi. Ra'ayina shi ne ƙarin inci ɗaya ya wadatar ga motar yau da kullum, kuma wanda hanyoyinsa ba su da kyau ya fi samun riba idan ya zauna a kan girman asali ya sa kuɗinsa a taya mai inganci.

Za a iya amfani da tsofaffin notuna?

Ba koyaushe ba. Mazaunin noti iri uku ne: mai tsini, mai zagaye kamar ƙwallo, da shimfiɗaɗɗe. Yawancin rim na kasuwa mai tsini suke buƙata, alhali na asali a motocin Honda da Volkswagen masu zagaye ne. Idan mazaunin bai dace ba, notin zai kama da ɗan gefe kawai. Zaren ma ya bambanta, domin Toyota da Honda suna amfani da M12x1.5, Nissan da Suzuki kuma M12x1.25 a galibin motocinsu. A ɗaure notunan da sifana mai auna ƙarfi gwargwadon abin da littafin motar ya faɗa, a sake duba su bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

Me za a duba kafin a biya kuɗi?

Lambar nauyi da harafin gudu na sabuwar taya kada su gaza na asali, kuma a lura cewa tayoyi masu gajeren gefe wani lokaci lambar nauyinsu tana ƙasa. A duba lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da haruffan DOT a jikin taya, waɗanda ke nuna lokacin da aka ƙera ta, inda 3522 ke nufin mako na 35 na shekarar 2022. Daga nan a nemi a gwada ƙafa ɗaya a gaba, a juya ta da hannu don a tabbatar ba ta taɓa birki, a sauke motar ƙasa, a murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, sannan a zaunar da mutane a baya a duba tazarar da ta rage tsakanin taya da bodi.